Wa Ya Haƙa Rijiyar Ƙauyenmu

Littafin da nake rubutawa a kan ƙauyenmu ne, wani ɗan ƙauye a yankin Gayam da ba zan faɗi sunansa ba. A can aka haife ni, a can na yi firamare. Daga nan aka kawo ni cikin garin Birnin Gwari karatun sakandare, na zama malamar makaranta, na yi aure, na zauna. Lokacin da mahaifiyata take raye ba na daɗewa ban leƙa gida ba. Bayan rasuwarta sai hanya ta ɓaci, mutanen daji masu bindiga suka fara shigowa, gida bayan gida aka riƙa ɗaure kaya ana tashi. Wasu suka dawo gari, wasu suka nufi Kaduna, wasu Funtuwa, wasu har Minna. A cikin 'yan tsirarun da suka rage akwai Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya ce shi babu inda za shi ya bar gonar ubansa.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, wata rana ce ina wanke-wanke na ce bari in lissafa gidajen layinmu a zuciyata, daga masallaci zuwa bakin kasuwa. Na kai tsakiya na maƙale. Na san akwai gida tsakanin gidan mai ɗinki da gidan masu man gyaɗa, ina ganin zanansa a idona, amma na kasa tuna ko na wane ne. Na zauna da kwano a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na sayo littattafan rubutu irin na 'yan makaranta na fara.

Sai dai abin da na tara ba littafi ba ne. Guntayen bayanai ne barkatai. A wani shafin na rubuta yadda ake dafa ƙwallon kaɗanya, a wani na zana taswirar kasuwa na soke ta na sake zanawa, wani shafin kuma tambayoyi ne kawai a jere babu amsa ko ɗaya. Idan na dawo daga makaranta na ɗora girki, sai in shimfiɗa tabarma gindin mangwaron tsakar gida in yi ta rubutu har a kira la'asar. Matsalata ita ce, duk wanda zan tambaya ya yi nisa. Baffa kuwa idan ya shigo gari sayen taki, ba ya zama dogon zance. Da na ce, "Baffa, gidan wa ke bayan gidan mai ɗinki?" sai ya ce, "Ke dai da son tone-tone. Me za ki yi da shi?"

Na daɗe ina juya abin kafin na yanke shawarar in ɗora bayanan nan a shafina na intanet, yadda suke, ba kwaskwarima. Sabis ɗin unguwarmu ba shi da ƙarfi, don haka a makaranta nake yi, lokacin tara, kusa da tankin ruwa inda waya take kamawa sosai. Na fara da bayanin tsamiyar bakin kasuwa. A samansa na rubuta cewa wannan ba littafi ba ne tukuna, aiki ne ɗanye, kuma duk wanda ya ga inda na yi kuskure ya gyara mini a fili. Na bar wuraren da na rubuta "ban tabbata ba" yadda suke. Har jimlar da ni kaina na san ba ta yi daɗi ba na bar ta, na sa a gefenta cewa zan sake ta.

Maigidana ya gani a wayarsa kafin in dawo gida. Ya ce, "Yanzu ke malamar Hausa guda, ki fito gaban ɗalibanki da iyayensu kina cewa ba ki tabbata ba? Ki gama mana, ki gyara, sannan ki nuna."

Na ce, "In na jira sai na tabbata, ba zan gama ba har in mutu. Masu amsar suna Kaduna da Minna. Ta ina zan same su?"

"To in wani ya kwashe ya sa sunansa fa?"

"Ya kwasa. Sai ya zo ya faɗa mana gidan wa ke bayan gidan mai ɗinki."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya taimaka, bai sake hana ni ba.

Da farko shiru. Mutane kaɗan suka sa alamar sun gani, wata tsohuwar ɗalibata ta rubuta "Allah ya ƙara basira, Malama", shi ke nan. Na ci gaba da ɗorawa duk mako. Sannu a hankali sai abin ya fara isa ga waɗanda nake nema. Wani direba ɗan ƙauyenmu da ke zaune Funtuwa ya rubuto cewa tsamiyar biyu ce, ɗaya tsawa ta faɗa mata tun kafin in yi wayo. Wata mata ta ce gidan da na manta na wanzamin garin ne, ta kuma tuna mini yana da farar akuya mai cin sabulu. Ina karantawa na ga akuyar nan a gabana. Duk gyaran da aka yi mini ba na goge kuskurena. Ina barinsa a sama, in rubuta gyaran a ƙasa, in ce wani daga cikinmu ne ya gyara.

A haka ne na sami ƙawata ta yarinta. Bagbagyiya ce, Kirista, gidansu yana jikin namu, katanga babu sai zana. Mahaifiyarta da tawa aminan juna ne. Tare suke zuwa tsintar kaɗanya, tare suke komai, ita tana ɗauke da kayanta a kafaɗa, tawa a ka. Tun da suka tashi zuwa Kaduna ban sake jin ɗuriyarsu ba. Sai ga saƙon murya ya shigo, na danna, na ji muryar da na sani tun muna 'yan mata.

"Ke, mai kunnen tsoro! Ashe kina nan? Na ga kin rubuta Gwarawa. Mu Gbagyi ne, ki gyara. Sannan man kaɗen da kika ce ana tafasawa sau ɗaya, ƙarya kike, ba ki taɓa tsayawa an gama ba, kullum kina gudu wasa."

Na saurara na sake saurara, ina dariya ina share hawaye a gindin tankin ruwa. Na gyara kalmar a duk inda na sa ta, na kuma rubuta dalilin gyaran don kowa ya gani. Daga nan muka ci gaba da magana kusan kullum. Ta ce tana sayar da hatsi a wata kasuwa a Kaduna, mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta tana nan a wurinta, ta tsufa, idonta ya yi rauni.

Rigimar ta taso ne daga bayanin rijiya. Rijiya ɗaya ce a ƙauyenmu da ba ta ƙafewa, tana can ƙasa kusa da fadama. Tun ina ƙarama a gidanmu ake cewa kakana ne ya haƙa ta, da hannunsa, a wata shekarar fari. Haka na ji, haka na rubuta. A cikin bayanin na kwatanta hanyar da muke bi zuwa can, ta bayan gonaki, a ratsa ta wani kwazazzabo, a ɓullo ta inda itatuwa suka yi duhu.

Ƙawata ba ta kira ni a ɓoye ba. A ƙarƙashin bayanin ta rubuta, inda kowa ke gani, kamar yadda na roƙa a yi. Ta ce ba haka ba ne. Ta ce kakanta ne ya haƙa rijiyar, shi ya san wurin da ruwa yake, kakana ya zo daga baya ya taimaka da ɗaurin bakin rijiyar.

Kafin a tashi makaranta sharhi ya cika. Wasu suka ce ai kowa ya san rijiyar da sunan gidanmu ake kiranta. Wasu suka ce sunan daga baya aka laƙaba, Gbagyi suna da nasu sunan da suke kiranta tun da can. Sai waɗanda ba su taɓa taka ƙauyen ba suka shigo. Wani ya ce haka ake ƙwace tarihin 'yan ƙasa. Wani ya mayar masa da abin da ya fi wannan muni, ya jawo addini ciki. Na zauna a aji ina ba yara aikin rubutu, idona yana kan waya. Na goge duk sharhin da ke da zagi, na toshe masu shi, na rubuta cewa wanda bai sha ruwan rijiyar nan ba ya yi haƙuri ya saurara. Amma maganar ƙawata na bar ta, na kuma ɗauke ta na manna a ƙasan bayanina, na ce ga wani ƙaulin, ni ban san wanne ne daidai ba.

Ranar kasuwa da hantsi Baffa ya yi sallama. Ba shi da irin wayar nan, amma an karanta masa. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a bakin tabarma, ya ƙi taɓa ruwan da na ajiye. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"An ce kin hau waya kina tambayar duniya ko ubana maƙaryaci ne."

"Baffa, ban ce haka ba. Na ce an faɗa mini abu biyu."

"Ni na ga ubana da laka har wuya. Ke kina ina? Ki goge."

"Wanne zan goge, Baffa?"

"Duka. Da na yarinyar nan, da naki." Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Kuma wani abu. Kin zauna cikin gari kin zana wa duniya hanyar fadama, kwazazzabo da komai. Mu muke kwana a can. Matan da suka rage ta nan suke bi ɗiban ruwa. Kin san wa ke karanta abin nan naki? Kina tsammanin mutanen daji ba su da waya?"

Wannan ta shige ni. Na san waɗancan sun san dajin fiye da yadda zan taɓa rubuta shi, amma ba ni da hujjar da zan ce wa mutumin da ke kwana a can ya kwantar da hankalinsa. Na ɗauko wayar a gabansa na cire duk inda na kwatanta hanya, na karanta masa abin da ya rage. Na ce daga yau ba zan sake rubuta hanya ba, ko gonar wani, ko dabbar wani, ko wanda yake nan da wanda ya tashi.

Ya ce, "To saura ɗayan."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Wannan ba zan goge ba."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

Na ce, "Ni na ce kowa ya gyara mini a fili. In na goge nata don ya taɓa gidanmu, gobe wa zai sake faɗa mini gaskiya? Ka ba ni naka, yadda ka gani da idonka, in sa shi kusa da nata."

"Ni zan tsaya gardama da 'yar cikina a waya?" Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Karatun ke nan." Ya fita, ko sallama bai yi ba. Buhun masarar da ya saba aiko mini duk kaka, a wannan shekarar bai zo ba. Na aika masa da gaisuwa ta bakin masu zuwa, ba a dawo mini da amsa ba.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin shi kaɗai ya rage mini a dangin uba. Akwai makonnin da na riƙa buɗe bayanin nan ina duba maganar ƙawata, yatsana a kan wurin gogewa. Maigidana ya ce, "Rijiyar da ko ruwanta ba kya sha yanzu, a kanta za ki rasa Baffanki?" Na ce masa ba zan rasa shi ba in Allah ya yarda, amma ba zan goge ba. Kuma ban daina ɗora sababbin bayanai ba. Na yi na daddawa, na yi na wasan 'yan mata a dandali, na yi na yadda ake rufin ɗaki da ciyawa.

Sai na ga cewa zama ina jiran a yi mini sharhi bai isa ba. Akwai mutum ɗaya a raye da ta girmi Baffa, wadda ta yi aure a ƙauyen tun rijiyar tana sabuwa ko ma kafin a gama ta, ita ce mahaifiyar ƙawata. Na nemi a haɗa mu a waya, amma ba ta ji sosai, sai ta riƙa cewa "Wa ke nan?" tana miƙa wa 'yarta. Na ce to zan zo.

Duk wanda ya san hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna a waɗannan shekarun ya san ba tafiya ce da ake yi don marmari ba. Da na faɗa wa maigidana, sai ya ce in jira hutun makaranta, in kuma bi ayarin motocin da ake yi wa rakiya. Haka aka yi. Na je tasha da sassafe, muka zauna jiran motoci su taru. A motarmu akwai wata mai jego da wani dattijo da za shi asibiti. Da muka shiga inda daji ya rufe hanya hagu da dama, direba ya kashe rediyo, kowa ya yi tsit, sai motsin leɓe. Na ga gonaki da ciyawa ta cinye, na ga wani ƙauye a bakin titi babu ko kaza. Jakar da littafin rubutuna ke ciki na rungume ta a ƙirji har muka fita. Da muka fara ganin masu sayar da rake a gefen titi, dattijon nan ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, mai jego ta fashe da dariya, muka taya ta.

Ƙawata ta tarbe ni a tasha. Ta yi ƙiba, ni ma ta ce na yi. Muka rungume juna a tsakiyar masu babur suna ta yi mana hon. Gidansu ɗaki biyu ne a wani gidan haya. Tsohuwar tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar ɗaki, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na ce, "Mama, ina wuni?"

Ta kama fuskata da hannu biyu ta shafa, daga goshi har haɓa. Ta yi wa 'yarta magana da Gbagyi, sannan ta ce mini da Hausarta mai ɗan karkata, "Hancin uwarki ne. Kin ci abinci?"

Sai da na ci, na yi sallah a ɗakinsu a kan sabon zanen da ƙawata ta shimfiɗa mini, sannan na buɗe littafi. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Mama, rijiyar fadama. Wa ya haƙa ta?"

Ta ce, "Maza."

Ƙawata ta ce, "Mama, wane namijin? Ba kakanmu ba ne?"

"Yana ciki. Kakan wannan ma yana ciki. Da wani gurgu mai yawan waƙa. Ni ina amarya, ina ruwana da wanda ya fara sara? An ce mu kwashe ƙasa, muka kwashe."

Na sake tambaya ta wata fuskar, ko ta tuna wanda ya nuna wurin. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce mazan sun yi ta faɗa a kan wannan tun suna raye, a bakin rijiyar ma, sannan su zauna su ci goro tare. Daga nan ta bar zancen rijiya gaba ɗaya ta koma kan mahaifiyata, ban kuma iya dawo da ita ba.

Ta ce lokacin da aka kawo mahaifiyata gidan miji yarinya ce mai kunya, ba ta san kowa ba, ba ta iya tuƙa tuwon dawa mai yawa ba. Ita ce ta riƙa zagayowa ta bayan zana tana tuƙa mata, ta koma gida kafin surukarta ta gani. Ta ce ita kuma da ta haifi ɗanta na fari ya koma, mahaifiyata ce ta riƙa kwana a ɗakinta har ta warware, duk da ana ta yi mata surutu. Ta ce ranar da aka haife ni ma a dawa naƙuda ta kama mahaifiyata, suna tsintar kaɗanya, ita ta goyo ta a baya har gida. "Nauyi kamar buhu," in ji ta, tana dariya babu haƙori. "Ku biyu na ɗauka."

Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mahaifiyata ba mai ba da labarin kanta ba ce. Na yi ta rubutu har biro ya fara yankewa, ƙawata ta ara mini na ɗanta. Da na ɗago sai na ga ita ma ta daina gardama, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar uwarta.

Na kwana biyu a wurinsu na dawo lafiya. A gindin tankin ruwa na ɗora bayanin tafiyar. Na rubuta cewa na je na tambayi wadda ta fi kowa shekaru, ta ce ba ta san wanda ya fara sara ba, don haka a littafina rijiyar za ta fito da ƙauli biyu, ba zan zaɓi ɗaya ba. Na nemi izinin Mama kafin na sa abin da ta faɗa a kan mahaifiyata, ta ce in sa, ai ba sata suka yi ba. Wannan bayanin ya fi duk na baya yawo. Masu faɗan addini ba su sami abin kamawa a cikinsa ba. Mutanen ƙauyenmu kuwa suka shiga ba da nasu labarin, wa ya yi wa wa jinya, wa ya ba wa wa iri a shekarar da fara ta ci gero. Gurgun mai waƙa ma aka samo jikarsa a Minna, ta ce ita a gidansu cewa ake yi shi ya haƙa rijiyar shi kaɗai. Na ƙara nata a ƙasa, ƙauli ya zama uku.

Baffa bai zo ba sai da damina ta kusa faɗuwa. Na dawo daga makaranta na tarar da babur ɗinsa a ƙofar gida, shi kuma yana zaure tare da maigidana. Na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Na kawo ruwa, ya sha.

Ya ce, "Ɗauko biron naki."

Na ɗauko na zauna.

"Ki rubuta yadda na faɗa. Kar ki gyara mini Hausa."

Ya ba da nasa. Ya ce yana yaro aka haƙa ta, shi yake kai wa ubansa fura. Ya ce ubansa ne ya sayar da ɗan maraƙi aka sayo diga da igiya, shi ya fara shiga ramin, shi kuma ya fito ƙarshe ranar da ruwa ya ɓullo. Ya ce bai musa cewa maƙwabcinsu Bagbagyi yana wurin ba, kullum yana wurin, amma a rubuta cewa digar ta gidanmu ce. Na rubuta kalma bayan kalma na karanta masa. Ya sa na sake karanta wurin digar.

"Haka za ki sa?"

"Haka zan sa, Baffa. Kusa da nasu."

"A sama ko a ƙasa?"

"A ƙasa. Kai ka zo ƙarshe."

Ya yi tsaki, maigidana ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sai Baffa ya juya hularsa a gwiwa, ya ce, "An ce tsohuwar nan tana raye."

Na ce tana nan, na gan ta da idona.

"Kira mini ita."

Na fita ƙofar gida inda sabis ke ɗan kamawa, na kira ƙawata, na ce ta kai wa Mama wayar ta ƙara murya. Baffa ya karɓa ya riƙe ta nesa da kunne kamar za ta ƙone shi. Ya yi mata gaisuwa da Gbagyi, doguwar gaisuwa, ni ban ma san ya iya haka ba. Daga can na ji tana cewa "Wa ke nan?" Ya faɗi sunan da ake kiransa da shi yana yaro. Sai ihu ya taso daga cikin wayar. Ta ce ashe ɓarawon gwandarta bai mutu ba. Ya ce gwandar ai ta rataya ne ta cikin gidansu. Suka yi ta yi, rabi Hausa rabi Gbagyi, tana tambayarsa mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ya rasu, wannan yana Tabanni wurin 'yarsa, wannan ba a san inda yake ba. Ta tambaye shi ko rijiyar tana nan. Ya ce tana nan, bakinta ya ɗan zube ta gabas, in an sami sauƙi zai gyara. Ba su yi maganar wanda ya haƙa ta ba.

Littafin har yanzu ban gama ba. Ina kan babin kasuwa, kuma akwai rumfunan da babu wanda ya tuna masu su. Duk bayanin da ya shafi ƙauyen yadda yake a yau, sai Baffa ya shigo gari na karanta masa kafin in ɗora. Yakan ce a cire wannan, in cire. Yakan ce a cire wancan, in ce wannan kam ba hanya ba ce, ba gona ba ce, zai zauna. Mu yi ta ja har ya gaji.

A ranar da ya yi wayar nan bai tsaya cin abinci ba. Ya ce hanya ba ta biyuwa in rana ta karkata. Na zuba masa ƙuli-ƙuli da sukari a leda, ya ɗaure a bayan babur tare da buhun takinsa, ya ce in gaida yara, ya tayar ya tafi.